Takardarka ta maƙale a Home Office? Ka nemi ɗan majalisar mazaɓarka

Wani ɗan'uwa da ke aikin kula da tsofaffi a Birmingham ya aiko da tambaya. Ya nemi takardar zama ta dindindin daga Home Office, wato ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya, tun kafin bizarsa ta ƙare, yau wata takwas shiru. Mai aikinsa ya fara ƙorafi, ga mahaifiyarsa ba lafiya a Kano, yana son ya je ya dubo ta. Wani kuma ya ce a ba shi kuɗi, yana da hanya.

Ɗan'uwa, Allah Ya bai wa Hajiya lafiya. Abu na farko, don Allah kada ka sayi tikiti tukuna. Da zarar ka bar ƙasar kafin a yanke hukunci, ana ɗauka ka janye buƙatarka. Kuɗin da ka biya, wajen fam 3,000, sun tafi, kuma tsohuwar bizar da ta ƙare ba za ta dawo da kai ba. Abin da ke riƙe da kai yanzu shi ne sashe na 3C na dokar shige da fice ta 1971: tunda ka nema a kan lokaci, izinin zamanka da na aikinka suna nan har a ba ka amsa. Mai aikinka zai iya tabbatar da haka ta sashen da Home Office ta ware don masu ɗaukar ma'aikata, a ba shi shaidar da ke aiki wata shida.

Mai cewa yana da hanya kuwa, ka rabu da shi. A Birtaniya laifi ne mutum ya ba da shawara kan shige da fice ba tare da rajista ba.

Hanyar gaskiya kyauta ce, amma mutanenmu ba su cika bin ta ba, saboda mun saba a gida sai da ubangida ake ganin ɗan majalisa. Majalisar wakilan Birtaniya tana da kujeru 650, kowace mazaɓa da nata, kuma duk mazaunin mazaɓar yana da damar kai kukansa, ko ya yi zaɓe ko bai yi ba. Ka shiga shafin majalisar, ka sa lambar unguwarka da ke kan wasiƙunka, sunan ɗan majalisarka da imel ɗinsa za su fito. Naka kaɗai za ka rubuta wa, domin al'adarsu ce ba sa taɓa matsalar ɗan wata mazaɓa. Yawancinsu kan zauna da jama'a ranar Juma'a, a ofishinsu ko ɗakin karatu na unguwa, kuma suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan.

Wasiƙar ta zama gajera: cikakken suna, adireshi, ranar haihuwa, lambar buƙatarka, ranar da ka nema, da jimla ɗaya da ke ba ofishinsa izinin magana da Home Office a madadinka. Ka faɗa cewa an wuce wata shidan da Home Office ta saba ɗauka kafin ta ba da amsa. Sannan ka nemi a ɗauko maka hoton takardar likita daga asibitin da Hajiya take, mai hatimi da kwanan wata, ka haɗa, ka roƙi a gaggauta saboda jinya. Wannan takarda ta fi dogon bayani tasiri.

Ɗan majalisa ba ya ba da biza, ba ya kuma juya hukunci. Abin da yake iyawa shi ne ya sa a buɗe fayil ɗinka a ba da amsa a rubuce. In ka shigar da ƙorafi a ma'aikatar ba ka gamsu ba, ta hannunsa ake kai ƙara ga mai binciken koke na majalisa.

Ka kuma yi rajistar zaɓe. Ɗan Najeriya, Ghana ko Kamaru mai izinin zama yana da ƙuri'a a zaɓen 'yan majalisar wakilai saboda ƙasarsa tana cikin ƙungiyar Commonwealth, 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi ne ba su da ita, sai dai su ma ofishin ɗan majalisa a buɗe yake gare su.

Kafin amsa ta zo, ka riƙa kiran Hajiya ta bidiyo, ka bayyana mata dalilin jinkirin da bakinka, ka tsaya a kan kuɗin magani.