Tambayarku, Amsarmu: Ina So Na Zama Akcuwari, Daga Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a aji biyu a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi, ina karanta ilimin ƙididdiga. Na ji ana maganar aikin akcuwari, kuma ya ba ni sha'awa, amma ba shi ne kwas ɗina ba. Mahaifina kuma yana ɗari-ɗari da duk abin da ya shafi inshora. Shin na makara? Daga wata ɗaliba, Yelwa, Bauchi.

AMSA: 'Yata, ba ki makara ba, hasali ma kina daidai lokacin da ya kamata a fara.

Akcuwari shi ne masanin da ke auna haɗarin da bai riga ya auku ba, ya sa masa farashi da lissafi. A ce masu shaguna 1,000 a Kasuwar Wunti sun amince su riƙa tara kuɗi domin taimaka wa wanda gobara ta shafa, kuma bayanan shekarun baya sun nuna shaguna biyar ne ke ƙonewa a shekara, kowanne da asarar naira miliyan biyu. Kowa zai iya raba miliyan goma gida dubu ya ce a biya naira 10,000. Aikin akcuwari yana farawa ne daga inda wannan lissafin ya tsaya: yaya za a yi a shekarar da wuta ta ci layi guda, nawa za a ajiye a gefe domin irin wannan rana, kuma me hauhawar farashi za ta yi wa kuɗin kafin a buƙace su? Sana'ar tsohuwa ce, domin tun a 1693 masanin taurari na Ingila Edmond Halley ya tsara jadawalin tsawon rai daga bayanan haihuwa da mutuwa na birnin Breslau.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, ba digiri ke mayar da mutum akcuwari ba, jarrabawar ƙungiyoyin ƙwararru ce. Akwai sashen wannan fanni a Jami'ar Legas da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, amma waɗanda suka kammala can ma sai sun zauna jarrabawar, kuma mai ƙididdiga irinki tana da kayan aikin da ake buƙata. Hanyoyi biyu ne aka fi bi. Akwai ƙungiyar IFoA ta Birtaniya, wadda matakanta na farko suka haɗa da CS1 na ƙididdiga, inda ake amfani da manhajar R, da CM1 na lissafin kuɗi, inda ake amfani da Excel. Akwai kuma SOA ta Amurka, wadda aka kafa a 1949, inda yawanci ake farawa da jarrabawar P kan lissafin yiwuwar aukuwar abu, sai FM kan lissafin kuɗi. Kammala dukkan matakan yakan ɗauki shekaru da dama, kuma akasarin mutane suna yin sa ne suna aiki, shi ya sa cin jarrabawa ɗaya ko biyu kafin hidimar ƙasa yake ɗaga darajar ɗalibi a idon masu ɗaukar ma'aikata.

Shawarata ita ce ki zaɓi ƙungiya ɗaya, ki sauke manhajar karatun jarrabawarta ta farko da tambayoyin gwaji, ki jera su da darussan da kike ɗauka yanzu. Za ki ga da yawa sun yi daidai, sai dai jarrabawar tana neman sauri da zurfin da na jami'a ba ya nema. Masu sana'ar sukan ce jarrabawar P tana cin kusan awa 300 na karatu, wato awa biyu kullum na wata biyar, don haka dogon hutu ko lokacin yajin aiki kada ya wuce ki a banza. Ki koyi Excel har ya zama ba kya lalube, sannan R ko Python. Ki kuma saba da rubuta bayani a taƙaice, domin wata rana za ki tsaya gaban shugabannin da ba su san lissafi ba ki fahimtar da su dalilin da ya sa asusu ba zai ɗore ba.

Batun kuɗi shi ne ya fi kayar da ɗalibanmu, domin da fam ko dala ake biya. Ki duba farashin a shafin ƙungiyar tun yanzu, ki nemi tsarin rangwamen da ya shafe ki, ki fara tari, kuma kada ki yi rajista sai kina cin tambayoyin gwaji cikin lokacin da aka ƙayyade. Faɗuwa sau ɗaya ba abin kunya ba ne a wannan fanni, amma tana da tsada.

Game da Baba kuwa, damuwarsa tana da tushe, kuma hukuncin inshora a addini na malamai ne, ba nawa ba. Sai dai ki sanar da shi cewa hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful tun 2013, kuma kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful suna aiki bisa tsarin taimakekeniya na Musulunci, mai kama da misalin 'yan kasuwar da na bayar. Ana kuma buƙatar akcuwari a harkar fansho, wadda dokar 2014 ta ɗora biyan kashi 10 bisa ɗari na albashi a kan mai ɗaukar ma'aikata da kashi 8 a kan ma'aikaci, da kuma asusun lafiya na jihohi irin su GoHealth ta Gombe. Idan lokacin koyon aiki na SIWES ya zo, irin waɗannan wurare za ki kai takardarki, ko da hakan zai sa ki yi watannin a Abuja ko Legas, inda yawancin ofisoshin suke.