Tambaya da Amsa: Tokin yana mutuwa, manhaja tana korar mutane

TAMBAYA: Salam Malam, ina rubuta ɗan laburare, wato tarin code, wanda ta cikinsa manhajarmu za ta riƙa magana da API, ƙofar da sabar ke karɓar buƙatu. Sabar tana ba ni tokin, wato shaidar izini, guda biyu, na shiga da na sabuntawa. Bayan awa ɗaya sai lambar kuskure 401 ta fara fitowa, wato sabar ta ƙi tokin shigar, na sa laburaren ya riƙa sabuntawa amma wani lokacin sai sabar ta ce invalid_grant, wato ta ƙi tokin sabuntawar, a fitar da mutum gaba ɗaya. Ina gizo ke saƙar?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Mutuwar tokin shiga ba matsala ba ce, da gangan aka gajarta masa rai, saboda ko an sace shi ɓarawon ba zai daɗe yana morarsa ba. Haka tsarin ba da izini na OAuth 2.0 na 2012 ya zo, sabar kan turo expires_in, wato daƙiƙun da tokin zai yi kafin ya mutu, tare da tokin, na Google ma kusan daƙiƙa 3600 ne wato awa ɗaya. To ka lissafa lokacin mutuwarsa ka ajiye, ka sabunta kamar minti ɗaya kafin ya cika, don agogon waya da na sabar ba kullum suke tafiya tare ba.

Batun invalid_grant kuwa, ni zargina yana kan rige-rige. Sabobi da yawa yanzu duk sanda ka sabunta sai su ba ka sabon tokin sabuntawa su kashe tsohon nan take. To a ce buƙatu biyar sun tashi lokaci guda, duk sun ci karo da 401, kowacce ta ruga da tsohon tokin nan, ta farko ta samu, sauran huɗun sun kai matacce, kuma wasu sabobin da sun ga an sake amfani da tsohon tokin sai su ɗauka sata ce su soke har sabon da suka bayar. Ka ga mutum ya tashi a waje babu laifin tsaye babu na zaune.

Maganin shi ne laburaren ya yi sabuntawar a wuri ɗaya tak, da makulli, buƙata ɗaya ta je sauran su jira, idan ta dawo kowa ya ɗauki sabon tokin ya sake gwadawa sau ɗaya. Sau ɗaya fa, kar ka bar shi yana ta zagaye. Ita lambar kuskure 403 kuma galibi rashin izini ne, sabuntawa ba za ta gyara ta ba.

Sannan ka duba ko kana ajiye sabon tokin sabuntawar ma, nan ne mutane ke yawan mantuwa. Laburare ya miƙa wa manhaja shi ita ta adana, a iPhone cikin ma'ajiyar sirri ta Keychain, a Android a kulle shi da ma'ajiyar makullai ta Keystore, kuma don Allah kar ya fito a log, wato bayanan da manhaja ke rubutawa na aikinta. Idan duk da haka invalid_grant ta zo, wataƙila mutumin ya janye izini ne ko tokin ya tsufa, sai ka goge abin da ka ajiye ka mayar da shi shafin shiga.