An Tsayar Da Aiki A Wurin Fasa Dutse, Ina Hakkinmu?

Tambaya: Barista, shekarata huɗu a wani kamfanin fasa dutse a bayan garin Zariya. Wata biyu ke nan da aka ce mu zauna gida sai an neme mu, ko sisi ba a ba mu ba. Manaja ya ce lasisi ne ya maƙale a Abuja. Abokan aikina sun ce tunda dutsen arzikin ƙasa ne, na kowa ne, mu shiga ramin mu fasa mu sayar wa masu tifa. 'Ya'yana biyar, ga mai gidan haya ya matsa. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya kawo sauƙi, Malam. Sashe na 17 na Dokar Ƙwadago ya ce duk ranar da ka zo aiki lafiyarka ƙalau aka kasa ba ka aiki, sai an biya ka kuɗin ranar, sai fa in akwai yarjejeniyar ƙungiya da ta ce ba haka ba. In abin da ya fi ƙarfin kamfani ne ya taso, ranar farko kawai za a biya, amma wannan rangwamen na mako ɗaya ne, sai in jami'in ƙwadago ya ƙara musu lokaci. To ku tambayi manaja, ina takardar ƙarin? Ku riƙa zuwa bakin ƙofa da safe, ku rubuta sunayenku da kwanan wata a littafi, ku ɗau hoto da waya. In kuma sallama suke nufi, mai shekara huɗu sai an ba shi sanarwar mako biyu, sashe na 20 kuma ya ce wanda ya zo ƙarshe shi ake fara ragewa.

Maganar "na kowa ne" kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Lauyoyin bakin mai shayi ne ke yaɗa ta, kuma ranar da aka kama mutum ba ka ganin ko ƙeyarsu. Sashe na 44(3) na Tsarin Mulkin 1999 da Dokar Ma'adinai ta 2007 sun damƙa duk ma'adinan ƙasa a hannun Gwamnatin Tarayya, ta riƙe a madadin jama'a. Ko a gonar kakanka aka samu zinare, ba ka da ikon haƙa sai da lasisi, balle ramin da wani ke riƙe da shi. Dutsen da kuke rainawa ma yana ciki. Tun 2024 akwai dakaru na musamman daga Sibil Difens da aka ware don masu haƙa ba izini. Sannan ramin da ya wata biyu ba a janye ruwansa ba, wa ya duba bangonsa? A Yunin 2024 rami ya rufta da mutane a Galadima Kogo ta ƙaramar hukumar Shiroro a jihar Neja. Kuma da zarar kun sa guduma a dutsen nan, kun ba kamfani hujjar korarku da sunan sata, albashin wata biyun ya bi ruwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Ku haɗu ku rubuta wa kamfani takardar neman albashi, ku kai kwafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a Kaduna. In sun yi kunnen ƙashi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kaduna. Kafin nan, duk takardar da aka miƙo muku ku sa hannu "don a dawo da ku", ku kai wa lauya ya karanta tukuna, sau da yawa ta ajiye aiki ce.