Shin dole ne mu yi wa masallacinmu gangarar keken guragu?

Tambaya: Ina cikin kwamitin gyaran masallacin unguwarmu a Aboabo, Kumasi. Wasu sun ce a yi gangara kusa da matakala saboda masu keken guragu, wasu kuma sun ce ɓarnar siminti ce tunda ba mu da gurgu a sahu. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: Malam, rashin ganinsu a sahu ba ya nuna babu su. Sau da yawa matakalar ce ta mayar da su gida, domin babu dattijon da zai so a riƙa ɗaukarsa cak a gaban jama'a sau biyar a rana. Ƙidayar Ghana ta 2021 ta nuna kusan mutum 8 cikin 100 na masu shekara 5 zuwa sama suna fama da wahalar gani, ji, tafiya ko makamancin haka, kuma da wuya a ce Aboabo ce kaɗai ta tsira.

Naƙasa kuma ba sai an haifi mutum da ita ba. Hawan jini yana jawo shanyewar ɓarin jiki, ciwon sukari yana kai wa ga yanke ƙafa, ga hatsarin babur, ga tsufa da ke cin gwiwa. Wanda ya ce ɓarnar siminti ce yau, yana iya zama mai buƙatar gangarar nan da shekara goma, haka ma mahaifiyarsa ko mai juna biyu ranar Juma'a.

Doka ma tana tare da masu son gangarar. Dokar Naƙasassu ta 2006, mai lamba 715, ta wajabta wa masu gine-ginen da jama'a ke shiga su samar da hanyar da mai naƙasa zai bi, kuma wa'adin shekara 10 da aka ba tsofaffin gine-gine ya cika tun 2016. Ni dai abin da ya fi taɓa ni shi ne, Abdullahi bn Ummi Maktum makaho ne, amma ladanin Manzon Allah (SAW) ne, har ana barinsa ya ja salla a Madina.

Sai dai ku kula da aikin, domin gangara mai tsauri ta fi matakala hatsari. Duk tudun mita 1 yana buƙatar tsawon mita 12, a sa ƙarfen riƙewa, kada a shimfiɗa tayil mai santsi, ƙofa kuma ta kai faɗin santimita 90. A wurin alwala a tanadi mazauni. Kafin magini ya zuba kankare, ku gayyato mai keken ya gwada da kansa.