Ƙungiyar Yes ba tare da waɗanda suka kafa ta ba

Tambaya: Malam, na ji an ce ƙungiyar mawaƙan nan ta Ingila mai suna Yes tana nan tana wasa har yau, amma ba sauran ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta. Yaya aka yi haka? Kuma ya dace a ci gaba da kiranta Yes?

Amsa: Abin da ka ji gaskiya ne, ɗan'uwa. A Landan aka kafa ta a 1968. Mawaƙi Jon Anderson da Chris Squire mai kaɗa jitar bes su ne ginshiƙai, tare da Peter Banks da Tony Kaye da Bill Bruford. Ba a je ko'ina ba aka fara sauye-sauye: Steve Howe ya karɓi jita a 1970, Rick Wakeman ya hau kibod a 1971.

Da wannan zubin suka fitar da Fragile a 1971 da Close to the Edge a 1972, kuma a ganina nan ne ƙololuwarsu. Waƙar farko ta faifan 1972 ta kai minti 18, ita kaɗai ta cinye fuska guda ta faifan. Wannan shi ne rok mai dogon zango: kiɗa ya tashi a guje, ya lafa, ya canja taki, sannan ya dawo kan amshin da aka fara. Da gama naɗar faifan Bruford mai kaɗa ganga ya koma ƙungiyar King Crimson, Alan White ya gaji gangunan, kwanaki kaɗan kafin a fita rangadi.

A 1980 Anderson da Wakeman suka fice, ƙungiyar ta watse a 1981. Ta farfaɗo a 1983 da dawowar Anderson da zuwan Trevor Rabin, ɗan Afirka ta Kudu, da faifan 90125 mai gajerun waƙoƙi irin na rediyo. Ɗaya daga ciki ta hau matsayi na farko a Amurka a 1984. Tsofaffin masoya sun yi ta gunaguni, amma faifan ne ya ceto sunan.

Duk wannan shige da fice, Squire bai taɓa gusawa ba. Ka kasa kunne ga jitarsa ƙirar Rickenbacker: ba ta laɓewa a bayan ganga kamar yadda aka saba, gaba take fitowa da kaifi, tana rera tata waƙar. Cutar kansar jini ta yi ajalinsa a Yunin 2015, bayan da shi da kansa ya zaɓi Billy Sherwood ya riƙe masa gurbi. White ma ya rasu a 2022.

Yau Howe ke jan ragama, Jon Davison na waƙa tun 2012, sun kuma fitar da Mirror to the Sky a 2023. Ni dai ina kiransu Yes ba tare da wata tantama ba, domin Howe na cikin waɗanda suka tsara manyan waƙoƙin, Squire kuma ya yarda a ci gaba. Sai dai muryar Anderson, wanda rashin lafiya ya raba shi da su a 2008, har yanzu ina jin giɓinta sosai.