Ina goga askata a fata kullum amma jan gemu take yi, kuma jinin ƙanina ya taɓa ta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata biyar ke nan da na koma gyaran fuska da aska mai naɗewa, kuma kullum sai na goga ta a fatar gyaran bakin aska, wato ɗan tsirin jemammiyar fatar nan, kafin in fara. Yanzu jan gashi take yi, har ƙuraje sun feso mini a ƙarƙashin haɓa. Ƙanina ma da ita yake aski, kuma makon jiya ya yanke, jini ya taɓa bakinta. Wani ya ce kada in damu, wai zafin gogawa a fata yana kashe kowace cuta. Hankalina dai bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gara da hankalinka bai kwanta ba, ɗan'uwa. Bari in sallami maganar kaifi tukuna, don ita ce mai sauƙi.

Fata ba ta dawo da kaifin askar da ta riga ta dakushe. Aikinta miƙar da siririn bakin nan da gashi ya lanƙwasa, da share ɗan tsatsar da ido ba ya gani. Aska ɗaya, fuska biyu, wata biyar: ko dai lokacin wasa ta a dutse ya yi, ko kuma hannunka ne ya murɗe bakin. Ka duba yadda kake riƙon fatar. In ta yi sakwa-sakwa, tana lanƙwashewa ta hau kan bakin ta dulmuye shi, saboda haka ka ja ta tamau. Ka kwantar da askar shame-shame, bayanta da bakinta duk suna taɓa fata, bayan ne ke gaba, bakin na biye. Kada ka danna, nauyin askar ya wadatar. In ka kai ƙarshe, ka mirgina ta a kan bayanta ka dawo. Mai juyawa a kan baki shi ke yanka fatar da yake goga askar a kai, shi ke kashe askarsa. Zuwa da dawowa 40 zuwa 60 a natse sun isa.

Bayan haka ka gwada ta a gashin damtse. In ba ta ɗauke shi cikin sauƙi, ka nemi wata fata dabam ka shafa mata koren man nan na wasa bakin ƙarfe da ake kira kuromiyam, ka bi da askar sau 5 zuwa 10. In hakan bai yi ba, sai dutse mai laushi, wanda lambar laushinsa ta kai 8000 zuwa sama, ko ka kai wa wanda ya iya wasa ta.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Wannan zance na cewa fata tana kashe cuta, kusan kullum sai na ji shi, har daga bakin waɗanda suka shekara ashirin da aska a hannu, kuma wallahi yana ɓata mini rai. Wane zafi? Ka goga askarka sau 60 ka ɗora ta a bayan hannunka, ko ɗumi ba za ka ji ba. A asibiti, kafin a ce ƙarfe ya tsarkaka, sai an rufe shi a tukunyar tururi mai zafin digiri 121 na aƙalla minti 15. Ina wannan, ina shafa ƙarfe a kan fata?

Abin ma a juye yake. Fata tana da ƙananan ƙofofi, tana shan duk abin da aka shafa mata: maiƙon fuska, kumfar sabulu, ɗigon jini. Ba a dafa ta, ba a jiƙa ta a bilic, don lalacewa za ta yi. Na sha karɓar fatar mutum in karkata ta wajen haske, in ga dabbare-dabbaren baƙi a tsakiyarta inda aska ta fi bi, mai ita kuma yana rantsuwa kayansa tsaf suke. Duk askar da ta bi ta wurin, da rabonta take tashi.

Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa aƙalla kwana 7 a busasshen jini, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Ba sai ka ga jini yana zuba ba, ɗan ƙarzanen da ko zafinsa ba ka ji ba ya ishe ta ƙofa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da ita, kuma akasarinsu ba su sani ba. Mutum zai yi shekaru garau yana harkokinsa alhali hantarsa tana ciwo a ɓoye. Don haka "ai ƙanina ne, lafiyarsa ƙalau" ba hujja ba ce. Shi ma bai san abin da ke jininka ba.

Akwai kuma masu gitta aska a harshen wuta na daƙiƙa biyu su ce sun ƙona cuta. Ba su tabbatar da tsafta ba, sun kuma ɓata taurin ƙarfen a daidai bakin da ya fi ko'ina siranta. Waɗannan su ne ke dawowa suna kukan aska ba ta riƙe kaifi.

Ga abin da za ka yi, kuma kada ka bari a kwana biyu. Ku je asibiti kai da ƙaninka, ku faɗa wa likita yadda aka yi ba tare da ɓoye komai ba, a gwada jininku, wanda bai yi rigakafin cutar hanta ba a yi masa. Ka nuna masa ƙurajen nan. Sau da yawa dakusasshiyar aska ce ke kawo su, amma in suna tara ruwa ko mugunya, magani suke nema. Ka dakatar da aski har su warke. In ka goga askar a fata bayan yankan nan ba tare da ka wanke ta ba, ka yar da fatar, kada ka ji ƙyashin kuɗinta.

Daga yau kowa da askarsa, kowa da fatarsa. Bayan kowane aski ka wanke ta da ruwa da sabulu, ka tsane ta sarai har cikin maƙogwaron mariƙinta, ka goge da sifirit, ka bari ta bushe, sannan ta taɓa fata. Ku kuma masu yi wa jama'a aski, ku ji tsoron Allah, ku riƙe irin askar da ake sa wa reza a cire, ku ɓare sabuwa a gaban kowane mutum. Wanda ya zauna ya miƙa maka wuyansa amana ya ba ka, kuma za a tambaye ka a kanta.