Amsa: Ƙirƙirarriyar basira za ta iya maye gurbin 'yan majalisarmu?

Malam, ka tambaya ko ba gara a bar wa ƙirƙirarriyar basira (AI), wato manhajar da ke kwaikwayon tunanin ɗan Adam, yanke shawara ba, tunda wakilanmu sai lokacin zaɓe ake ganinsu. Takaicinka na kan hanya. A zaɓen shugaban ƙasa na 2023, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su kai kashi 30 cikin 100 na masu rajista ba.

Amma ban yarda da maganinka ba. Ɗan majalisar jiha, ɗaya cikin 30 ɗin da muke da su a Sakkwato, ka san gidansa, kana iya tare shi a wajen jana'iza ko ɗaurin aure ka faɗa masa gaskiya ido da ido. Tsarin mulkin 1999 ma ya ba mazaɓa damar yi masa kiranye. To, manhajar da wani kamfani ya ƙera a Amurka fa, wa zai yi mata kiranye? Da rubutun intanet aka horar da ita, kuma manomin albasa na Goronyo ko wanda 'yan bindiga suka kora daga Sabon Birni, muryarsa kaɗan ce a ciki.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne ɗan siyasar da ke cewa shi kaɗai ne bakin talakawa. Wannan fasaha ta sauƙaƙa masa aiki: a kwaikwayi muryar malami, a watsa a WhatsApp kafin asuba. Kamfanin Cambridge Analytica, mai yi wa 'yan siyasa aikin yaƙin neman zaɓe, da asirinsa ya tonu a 2018, bayanan masu Facebook kawai ya kwasa, lokacin kwaikwayon murya bai zama ruwan dare ba.

Gara a yi amfani da ƙirƙirarriyar basira wajen fassara kasafin kuɗin jiha zuwa Hausa, kowa ya ga abin da aka ware wa ƙaramar hukumarsa.